Kafin Ka Hau Motar Cirani: Nasiha ga Matasan Damargu

Da zarar an gama yankan hatsi an zuba dammuna a rumbu, tashar Tanut takan cika da samari. Wasu sun nufi kudu, Damagaram, daga nan Kano ko Legas ko Kwatano. Wasu sun fuskanci arewa, Agadas, inda hanya ke rabuwa biyu: ɗaya ta bi Arlit da Asamaka zuwa Tamanrasat, ɗaya ta bi Dirku zuwa Gatrun da Sabha. Haka abin yake a Belbeji da Gangara da Bakin Birji da Sabon Kafi da ƙauyukan Tarka. Ƙannena, ba zan ce muku kada ku tafi ba. Damana ɗaya gare mu a shekara, ita ma ba kullum take cika alkawari ba, kuma duk wanda ya ga yunwar 1984 ko ta 2005 ya san gidaje nawa kuɗin cirani ya riƙe har ruwa ya sauka. Maganata a kan abubuwan da kuke barin su sai ranar tafiya ce, wato takardunku da layin wayarku da hanyar da kuɗinku zai bi ya iso gida. Ina so dukansu su kasance da suna ɗaya, kuma sunan ya zama naku na gaskiya.

Kakanninmu ma matafiya ne, amma ba su fita kara zube ba. Damargu ita ce rumbun Abzin, kuma hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi Gat ta nan take ratsawa zuwa Damagaram da Kano. Bafatake yana da madugun da ke tsaya masa a hanya, yana da maigidan da ke saukar da shi a zango, ya ajiye masa dukiya, ya shaide shi gaban hukuma in rigima ta taso. Ko Baturen nan Heinrich Barth, da ya iso Damargu a watan Janairu na 1851 ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu a Tagelel, bai zo shi kaɗai ba. A cikin ayarin gishiri ya zo, ƙarƙashin inuwar Annur, babban Abzinawan Kel Ewe. Wannan tsari ya fara rushewa tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kaya suka koma bin teku. Yau jami'in da ke bakin iyaka bai san mahaifinka ba, na'urar banki kuma ba ta san gidanku gidan mutunci ba ne. Abin da suke gani suna ne da lamba da hoton yatsa. Aikin da madugu da maigida suke yi wa kakanka, takarda ce take yi maka shi yanzu.

Tushen kome takardar haihuwa ce. Da yawanku a ƙauye ko a ruga aka haife ku, ba wanda ya je ofishin magajin gari ya rubuta. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma yana gyaruwa: kotu tana ba da hukuncin da ke maye gurbin takardar in ka zo da shaidu, wani lokaci ma alƙalai kan zagaya ƙauyuka su yi wa jama'a a taro ɗaya. In ka ji an yi shelar zuwansu, bar abin da kake yi ka je, ka tafi da ƙannenka mata. Daga ita sai takardar shaidar ɗan ƙasa, sai katin shaida a komisariya, sai fasfo ga mai nisan zango. Kowace tana hawa kan ta ƙasanta ne, shi ya sa kuskuren da aka yi a ta farko yake bin mutum har tsufansa.

Ka tsaya a nan ka duba yadda aka rubuta sunanka. A gida Mamman ake ce maka. A takardar haihuwa an sa Mahamadou, mai sayar da layi ya rubuta Mamadou, a Kano wani ya rubuta Muhammad, a Sabha Mohamed. A wurinka mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum huɗu ne. Ranar da za a biya ka kuɗin aike, ko a mayar maka da layin da ya ɓace, harafi ɗaya ya isa a ce ba kai ba ne. Ka haddace rubutun da ke kan katinka, da sunan mahaifi yadda yake a jere, da ranar haihuwar da aka sa maka ko da ƙiyasi aka yi, ka riƙa ba da shi haka a ko'ina. In ba ka karanta boko, miƙa katin a kwafa, kada ka faɗa da baki. Sannan ka ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, ka tura wa mutum ɗaya amintacce a gida, ka bar kwafi a akwatin mahaifiyarka, na hannunka kuma ka naɗe a leda. Katin allurar rigakafin shawara ma ka nema tun a gida, don ana tambayarsa a iyakokin kudu, kuma wanda ba shi da shi yakan biya abin da ya ninka kuɗin allurar a shingaye.

Masu zuwa Najeriya sun fi kowa sakaci, saboda ba su ɗauke ta ƙasar waje ba. Harshe ɗaya, addini ɗaya, dangi a Daura da Maigatari da Kano. Gaskiya ne, amma doka ba ta lissafa dangi. Abin da ya ba mu damar shiga ba biza shi ne yarjejeniyar 1979 ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ita ma kwana 90 ta bayar. Wanda zai zauna fiye da haka ana so ya nemi katin zama. Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso, aka kuma sanar da sabon fasfo na AES, ƙawancen ƙasashen uku, da cewa tsofaffin suna aiki har wa'adinsu ya ƙare. CEDEAO ta ce za a ci gaba da karɓar takardunmu da barin mu shiga ba biza har sai an sake sanarwa. Ku lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. Abin da a da haƙƙi ne rubutacce yanzu yana tsaye ne kan fahimtar juna tsakanin gwamnatoci. Kun kuma ga yadda iyaka take rufuwa dare ɗaya: daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Don haka kafin ka hau mota ka tambayi wanda ya dawo a makon nan, ba wanda ya dawo bara ba.

A Najeriya akwai jarrabawar da ke jiran kowane ɗan Damargu. Tun Disamba 2020 hukuma ta ce sai an haɗa kowane layin waya da lambar shaida ta NIN, bankuna kuma tun 2014 suke aiki da lambar BVN, duka biyun da hoton yatsa. Za ka sami mai ce maka abu ne mai sauƙi: ka ce kai ɗan Daura ne ko Babura, a yi maka a awa ɗaya. Kada ka yarda. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kuwa da yatsunka goma ake haƙa shi. Daga ranar nan na'ura ta san ka da wata ƙasa da wani uba da wata shekara, kuma ba a goge wannan da roƙo. In asiri ya tonu laifinka ya wuce na zama ba izini, ya koma na yi wa hukuma ƙarya. Baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana da ikon karɓar NIN a matsayinsa na baƙo. Hanyar ta fi tsawo, amma ita ce ba ta karyewa. Katin zaɓe kuwa, ko kyauta ɗan siyasa ya kawo maka har da kuɗin shayi, ka ce a kai kasuwa. Jami'an shige da fice sun sha ƙwace irinsa a hannun 'yan Nijar su tasa ƙeyarsu zuwa iyaka.

Arewa ta fi wannan nauyi, kuma a nan nake so ku saurara da kyau. A watan Nuwamba 2023 gwamnati ta soke dokar 2015-36 wadda ta haramta safarar baƙin haure, motoci suka koma fita daga Agadas a fili. Samari da yawa sun fahimci wannan a matsayin an buɗe hanya. An buɗe ta ne a ɓangarenmu kawai. Ɗan Nijar yana bukatar biza kafin ya shiga Aljeriya ko Libiya, kuma dokokinsu suna nan daram: ta Aljeriya mai lamba 08-11 ta 2008, da ta Libiya mai lamba 19 ta 2010, duka sun tanadi hukunci da kora ga wanda ya shiga ba izini. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya sama da mutum 30,000 da Aljeriya ta koro zuwa Asamaka a shekarar 2024 kaɗai, a farkon Janairu 2025 kuma 'yan Nijar sama da 600 aka sauke a Dirku daga Libiya. Waɗanda aka kora sukan ce an kama su ne a wurin aiki ko a ɗakin kwana, an karɓe waya da kuɗi, ba a ba su damar ɗauko kome ba. Wasu a kan ajiye su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga Asamaka. Mu 'yan jihar Damagaram ba mu manta da Oktoba 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace. Allah ya jiƙansu.

Na san duk da haka wasunku za su bi wannan hanya, don aikin gini da noma da kiwo a can yana biya fiye da nan. To, wanda ya ƙudurta, ya tafi da sanin cewa kowace safiya tana iya zama ta ƙarshe a ƙasar, ya tsara wayarsa da kuɗinsa a kan haka.

Layin waya dai, kada ka sayi wanda aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. Ana sayar da irinsu a bakin tasha, da araha, ba layi ba jira. Illarsu uku ce, kowace ta fi 'yar'uwarta. In ya ɓace kamfani ba zai mayar maka ba, don ba naka ba ne. In ka ajiye kuɗi a cikinsa, a idon doka kuɗin mai sunan ne. In kuma an taɓa yin garkuwa da mutane ko damfara da lambar, kai za a kama da ita a aljihu, kuma a ƙasar da ba ka da mai tsaya maka. Ka je ofishin Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom da katinka, a rubuta sunanka. Wannan layi na gida kada ka bar shi ya mutu. Kamfanoni sukan karɓe lambar da ta yi watanni ba a taɓa ta ba su sayar wa wani, sai a wayi gari WhatsApp ɗinka da asusunka suna hannun baƙo. Ko ka tafi da shi kana sa masa ɗan kati lokaci lokaci, ko ka bar wa matarka ko ƙaninka yana amfani da shi. A can kuma, Mobilis da Djezzy da Ooredoo a Aljeriya, Libyana da Almadar a Libiya, duk takarda suke nema kafin su ba da layi. In dole ta sa ka karɓi na sunan maigidan aikinka, ka sani aro ne, ka yi kira da shi kawai, kada ka ɗaura masa wani abu mai daraja.

Ka haddace lambobi biyu na gida a ka, har da 227 da ake sawa a gaba in ana kira daga waje. Na ce a ka, don waya ita ce abu na farko da ake ƙwacewa. Yaro ya iso Asamaka ko Dirku, mai taimako ya miƙa masa waya ya ce kira gida, sai ya tsaya yana kallonta, ko lambar uwarsa bai sani ba. Wannan yana faruwa fiye da yadda kuke zato. Ka rubuta su kuma a 'yar takarda ka ɗinke a cikin rigarka.

Lambobin sirri ba a faɗa wa kowa. Wanda ya kira ka ya ce daga kamfani yake ko daga banki, ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka, ɓarawo ne, ko da ya ambaci cikakken sunanka. Da lambobin nan ake sace WhatsApp, sannan a bi 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka ana cewa kana asibiti a turo kuɗi. Akwai wurin sa mabuɗi na biyu a cikin WhatsApp; ka sa wani ya nuna maka tun kana gida. Kuma ku yi wata yarjejeniya da iyayenka kafin ka fita: tambaya guda wadda kai kaɗai ka san amsarta, sunan tsohuwar gonar kakanka ko wani abu da ya faru a gidanku. A kudancin Libiya akwai wuraren da ake kira gidan bashi, inda ake tsare mutum a doke shi a kira danginsa suna ji, har sai an biya. Wannan gaskiya ne. Amma akwai kuma 'yan damfarar da ke kwaikwayon haka alhali ɗan yana can lafiya ba rezo ne kawai. Kafin dattijo ya kai saniyarsa kasuwar Belbeji, ya kamata ya sami hanyar tabbatar da cewa muryar ɗansa ce. Hanyar shiga gidan bashi mafi sauƙi kuwa ita ce hawa mota da alkawarin za ka biya in ka isa. Wanda bai da kuɗin mota cikakke ya jira shekara mai zuwa.

Bari in ɗan ratse. Ku da kuka riga kuka isa, ku ji tsoron Allah a kan hotunan da kuke sawa a Facebook. Ka jingina da motar wani, ka ari agogo, ƙaninka a Tanut yana gani yana raina gonar ubansa. Ba ka gaya masa ku goma sha ne a ɗaki ɗaya ba, ba ka gaya masa wata uku ba a biya ka ba. In ya biyo ka ya halaka a hanya, kana da kaso a ciki.

Kuɗi kuwa, ƙa'idarsa ta farko ita ce kada ya taru a inda kake baƙo. Kada ka bar albashinka a hannun mai aiki da sunan ajiya. Da yawa sun yi wata shida suna gini, ranar biya mai aikin ya kira 'yan sanda, don ya san wanda ba shi da takarda ba ya kai ƙara. Ka karɓa mako mako in zai yiwu, ka tura da zarar ya kai abin turawa. A ƙasashen sefa, irin su Benin da Togo da Kodebuwa, abin ya yi sauƙi: Nita da Al Izza da Amana kamfanonin gida ne, kuma kuɗin iri ɗaya ne, ba canji. Ka karɓi rasit ka ɗauki hotonsa, lambar karɓa kuma mai karɓa kaɗai za ka gaya wa. Ka tura da sunan wanda kake nufi. In na mahaifiyarka ne, da sunanta. In na matarka ne, da sunanta. Shi ya sa na ce a yi wa mata katin shaida, domin kuɗin da ke bi ta hannu uku kafin ya isa ɗaki yakan rage a hanya, ya kuma haddasa gaba tsakanin 'yan'uwa.

A Libiya da Aljeriya wanda ba shi da izinin zama ba ya buɗe asusun banki, dinarinsu kuma ba a fitar da shi yadda aka ga dama, kuma farashin gwamnati daban ne da na kasuwa. Saboda haka kowa ta hannun 'yan kasuwa yake aikowa: ka ba mutum dinari a Sabha ko Tamanrasat, ya kira abokin hulɗarsa a Agadas ko Damagaram, wancan ya biya sefa ko ya tura Tanut. Tsari ne da ya girmi banki, kuma amana ce kaɗai ke riƙe da shi. Ka zaɓi wanda aka san gidansu da shagonsa, ba wanda ya fi kowa ba da farashi mai daɗi ba. Ka fara gwada shi da kaɗan. Ku yanke magana a kan jikka nawa za ta shiga hannun mai karɓa, ba dinari nawa ka bayar ba. A yi a gaban shaida, ya kuma turo maka saƙon murya yana faɗin adadin, ka tura wa na gida. Kada kunya ta hana ka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mutumin kirki ba ya jin haushin a rubuta. In kuma kana da ajiya a wurin wani, lallai mutum ɗaya a gida ya san wurin wa take da nawa ce. Rai na hannun Allah, kuma dukiyar marayu da yawa ta narke a ƙasar waje don mai ita bai gaya wa kowa ba.

Masu aiki a Najeriya su kula da naira. A 2019 jikka ɗaya ta sefa ba ta kai naira 700 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Sefa tana ɗaure da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya, naira kuwa an sake ta a kasuwa tun Yuni 2023. Wanda ya tara naira a ƙarƙashin katifa yana jiran ranar komawa, guminsa yana zubewa yana barci. Ka canza a kai a kai wurin 'yan canjin da aka sani, irin na Wapa a Fagge, ka ƙidaya a gabansu, ko ka sa a saya maka hatsi da kaka ko 'yar tunkiya a gida. Ku tuna kuma da canjin kuɗi: a Oktoba 2022 aka sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin ƙarshen Janairu 2023, kuma waɗanda suka fi shan wuya su ne masu tsabar kuɗi ba asusu, irinmu. A ɓangarenmu ma, takunkumin da aka sa wa Nijar daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024 ya sa mutane sun yi ta layi a bankuna ba su sami abin da suka ajiye yadda suke so ba. Ba banki ne abin gudu ba, ba tsaba ce abin gudu ba. Zuba kome a wuri ɗaya ne abin gudu. Wanda riba ke damunsa, akwai bankin Musulunci a Nijar, akwai Jaiz a Najeriya.

In kana sayar da shayi ko ruwa ko kana gadi a Kano ko Legas, za a riƙa ce maka an tura. Kada ka yarda da saƙon da aka nuna maka a wayar mai saye, ko wanda ya shigo taka. Duba abin da ke cikin asusun da kanka, don saƙon bogi ya zama sana'a. Kuma kada ka ara wa kowa asusunka a zuba kuɗin da ba ka san asalinsu ba, ko da za a ba ka lada. Kuɗin fansa da na damfara ta irin wannan asusu suke bi, kuma in bincike ya zo sunanka ne a rubuce.

Ƙannena mata, maganar Saudiyya taku ce fiye da kowa. Hajiyar da ta zo ta ce za ta kai ki Makka ki yi aikin gida ki biya a hankali, ki tambaye ta wace irin biza ce. Bizar umra ba ta aiki ba ce, kuma tana da wa'adi. Wadda ta wuce wa'adin ta zama mai ɓuya: ba ta da iƙama, wato katin zama, ba ta buɗe asusu, ba ta zuwa asibitin gwamnati da kwanciyar hankali, ko layin waya a can sai da hoton yatsa. In an kama ta sai gidan tarhil na Shumaisi, sai kora da hana dawowa na shekaru, kuma canza suna a sabon fasfo ba ya ɓoye yatsa. A 2025 hukumomin Saudiyya sun sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin hajji ba izini, da hana shiga ƙasar shekara 10. Mai niyyar hajji ko umra ya bi ta kamfanin da hukumar COHO ta amince da shi. Mai zuwa aiki kuma ta ga kwantaragi a rubuce, a karanta mata albashi da sunan wanda zai ɗauke ta, ta bar kwafi a gida. Fasfonki naki ne. Dokar Saudiyya kanta ta hana mai aiki ya riƙe shi.

Biza, ta kowace ƙasa ce, ofishin jakadancin ƙasar ne ke bayarwa ko shafinta na hukuma. Ɗan kamasho zai iya cike maka takarda, amma ba ya sayar da biza, kuma duk wanda ya ce ka ba shi miliyan ya kawo maka ta Faransa ko Kanada ba tare da ka bayyana ba, gonar gidanku yake so. Ɗalibanmu da suka sami gurbin karatu ta hukumar ANAB ko ta wata hanya zuwa Aljeriya ko Maroko ko Turkiyya, su sani biza ta shiga ce kawai. Katin zama ne ke riƙe mutum, kuma ana sabunta shi kafin ya ƙare, ba bayan ya ƙare ba. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida. Ka rubuta ranakun nan a inda idonka zai riƙa gani.

Duk inda ka sauka, cikin makon farko ka nemi mutanenmu: ƙungiyar 'yan Nijar mazauna garin, ko sarkin Hausawa, ko sarkin zango. Sannan ka nemi ofishin jakadancinmu. Nijar tana da ƙaramin ofishi a Kano da Jidda da Tamanrasat da Sabha, kuma suna ba da katin da ke nuna an san da zamanka. Wannan kati ba izinin zama ba ne, kada wani ya ruɗe ka, amma ranar da fasfo ya ɓace ko aka tsare ka, ko aka rasa wanda zai shaida gawa, shi ne ke sa a ba da takardar komawa gida ba tare da dogon bincike ba.

In kuma ƙaddara ta sa an koro ka, ka faɗi sunanka na gaskiya da garinku ga jami'ai da ma'aikatan hukumar ƙaura ta OIM da za su karɓe ku a Asamaka ko Arlit ko Dirku ko Agadas. Ka kira gida kafin kome, ko da hannunka wayam ne. Uwarka muryarka take jira, ba kaya ba. Ka sa a rufe layin da aka ƙwace, in ka iso Damagaram ko Tanut ka je ofishin kamfanin da kwafin katin da ka bari a akwati a mayar maka da lambarka, ka canza duk lambobin sirri, sannan ka kira ɗan kasuwar da ke riƙe da ajiyarka tare da shaidar da kuka kafa. Kada ka ci bashi a makon nan don ka juya arewa saboda kunyar shiga gari. Ka huta, ka yi damana ɗaya a gida, ka sabunta takardun da suka ɓace, in ya so bayan kaka ka sake shawara da iyayenka.